Shekarar da Ɗan Maƙeri Ya Fasa Cin Rani

A zamanin Turawa ba ma ƙwallo a ƙauyenmu sai an cire amfanin gona, domin filinmu gonar gyaɗa ce. Lokacin ne kuma samari ke tafiya cin rani. Wata shekara ɗan maƙerin garinmu ya fasa tafiya saboda ƙungiya, mu 'yan kallo muka ce bana kowa zai ji a jikinsa. Dabararmu ɗaya ce tak: a doko ƙwallo sama, shi kuma ya sa mata kai.

A wasan farko da 'yan Tofa ya ci biyu, sannan ya zagi alƙalin wasa. Malamin elementare mai horar da su ya dakatar da shi sai sabon wata. Muka bi malam har gida muna roƙo, ya ce ladabi ya fi nasara.

Har yau ban yafe masa ba. Wane saurayin ƙauye ne zai yi zaman banza da rani? Kafin wata ya tsaya, ɗan maƙeri ya hau jirgin Kurmi. Haka muka ƙare shekarar, ana doka ƙwallo sama tana faɗowa ba kowa a wurin. Ko da damina bai dawo ba.