Agogon da Ka Rataya wa Salima

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairun 2025, ana tsakiyar Sha'aban, aka bugo waya biro, wato ofis, da hantsi cewa Malam Fadilu, mai kula da ordinatoci, wato kwamfutocin kamfaninmu a nan Gure, ya riga mu gidan gaskiya. Ciwon hanta ne, bai kwantar da shi da daɗewa ba. Ni Garbai, mai riƙe da magazan, ɗakin ajiyar kayanmu, shekaru muka yi muna shan shayi a inuwa ɗaya da shi.

Malam, ka san ni, ban iya kuka gaban mutane ba, faɗa na iya. Shi ya sa na zauna rubutu. Kuma duk alherin da ka yi mana, guda ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata, na Salima.

Ga wanda bai san mu ba, dusa da magungunan dabbobi muke kai wa makiyayan Alakoss da Bune. Duk buhun da zai fita sai an shigar da shi rumbun bayanai, wanda ke cikin babbar na'urar kamfani a Yamai. Kai ka fahimtar da mu tsarin, da haƙurin da ni ba ni da shi. Ka ce mutum ya buga kalmar sirrinsa sau ɗaya da safe, babbar na'ura ta ba ordinatarsa tikiti, wannan tikitin ne ke buɗe masa kowace ƙofa, har ta rumbun, ba sai an sake tambayarsa ba. Na ce to, kamar tikitin mato ke nan. Ka yi dariya ka ce in na riƙe haka ma ya isa.

Salima ce ke shigar da kayan. Mijinta ya rasu, ita ke ci da tsohuwarta da ƴaƴa uku. Da aka sake mata sabuwar ordinata, sai rumbun ya fara korarta. Ta shiga na'urarta lafiya lau, ta nufi rumbun, a ce ba a san ta ba. Mato ya cika da dusa yana jira a ƙofar magazan, makiyaya na jira a can, ni ina ta masifa. Mutanen Yamai kuwa abin da suke gani kawai, ana ta ƙwanƙwasa ƙofa da sunanta ana ƙin buɗewa. Suka ce ko ta ba wani kalmar sirrinta, ko ba ta iya aikin ba, kuma ko wanne ne, Darekta Umara kada ya sabunta mata kwantiragi ƙarshen wata.

Abin da ya ƙara ɗaure ta shi ne, da ka ɗauki ordinatar zuwa bironka sai ta yi aiki sumul. Ka mayar mata, kafin azahar ta sake ƙi. Ka canza mata kalmar sirri, ka canza waya, ka duba rezon sadarwa, ka tabbatar na'urar na kiran rumbun da cikakken sunansa. Shiru. Umara, mutumin kirki ne amma matsoraci, ya ce ka ara mata taka kalmar ta yi aiki a rufa asiri. Ka ƙi. Ka ce in ka yi haka, ranar da aka gane, abin da ake zarginta da shi ya zama gaskiya.

Maimakon haka sai ka jawo kujera ka zauna gefenta, ka ce ta yi aikinta kamar ba ka nan. Ina wurin, na zo neman takardar fitar da kaya. Ta kunna na'ura, ta yi bismilla, ta kai hannu can ƙasan allon na'urar inda agogo yake, ta tura shi gaba kwata, minti sha biyar cif.

"Salima, me kika yi yanzu?"

"Agogo na gyara, Malam. Duk sanda ka ɗauki na'urar sai ta dawo min da agogo a baya."

Ashe mahaifinta ladan ne a Bune. Agogon gidansu kullum kwata yake gaba, don tsoho ya yi alwala ya taka zuwa masallaci kafin lokaci ya shiga. A haka ta tashi, wayarta ma haka take. Ita a wajenta agogon da ke daidai shi ne ya makara. Kai kuma duk na'urar da ta zo hannunka sai ka daidaita ta da ta Yamai gaba ɗaya, har agogo, ba ka ma dubawa. Kana gyarawa tana gyarawa, kowa na ganin ya yi daidai.

Ba ka yi mata dariya ba, ni ne na yi, har ka harare ni. Ka yi mata bayani cewa kowane tikiti da lokaci a jikinsa, in agogonta ya saɓa da na Yamai fiye da minti biyar sai a ɗauka tikitin sata ne. Ka ɗaure agogon na'urar yadda ba ya taɓuwa. Ka kira Yamai, ka sa suka buɗe nasu bayanan suka ga dalilin korar da idonsu, ka ce in akwai laifi naka ne da ka bar agogon a sake. Washegari ka shigo da agogon bango daga kasuwa, ka buga ƙusa saman teburinta.

"Wannan naki ne," ka ce. "Ki tura shi gaba yadda Baba ya koya miki."

Aka sabunta mata kwantiragi.

Ranar da ka rasu an ce jana'iza ƙarfe huɗu, bayan la'asar. Mato ya iso daga Damagaram, ba yadda zan yi in bar kaya a waje, na tsaya ana saukewa. Na leƙa biron Salima, na ga agogon bango ya kusa huɗu. Na manta ko na wane ne. Na jefar da mabuɗai na hau babur, ina zagin kaina a hanya cewa na makara. Na isa gidanka na tarar ba a ma fito da kai ba, an gama wanka, ana shirin rufe likkafani. Yayanka ya ce in matso. Na ga fuskarka, Malam, a natse, kamar ranar da ka zauna gefen Salima. Da agogon da ke daidai na duba, da sai dai in tarar da sahu.

Bayan addu'ar uku Salima ta dawo aiki. Ta buga kalmar sirrinta sau ɗaya, rumbun ya buɗe, ta kifa kai a tebur ta daɗe. Sannan ta share ido ta shigar da dusar Alakoss.

Allah Ya jiƙanka, Malam Fadilu, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka tsaya har aka buɗe wa baiwar Allah ƙofar abincinta, Allah Ya buɗe maka ƙofar Aljanna ba tare da tuhuma ba. Ga maiɗakinka Raihana, da ƴaƴanka, da dangi na Gure da Damagaram, ina miƙa ta'aziyyata da ta abokan aiki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.