Rigar Ɗan Takara a Jikin Malam Sallau

Shekara ashirin da biyu Malam Sallau ya yi yana haɗa rini a wata masaƙa a Kakuri. Da yatsa biyu yake gane atamfar kirki. Audugar ƙauyensu na wajen Funtuwa ma nan ake kawo ta.

Farar hula suka karɓi mulki, ba a jima ba aka garƙame masaƙar. Ƙannensa suka watsar da noman auduga, suka cika ɗakinsa a Makera suna neman babur ɗin acaɓa.

Gab da zaɓe wani ɗan takara ya zo da alkawarin farfaɗo da masaƙu. Aka raba wa tsofaffin ma'aikata rigunan atamfa masu hotonsa. Malam Sallau ya murza tasa, ya ja tsaki.

"'Yar fasa-ƙwauri ce," ya ce wa matarsa Talatu. "Irinta ce ta kashe mu."

"To, kana da wata rigar fitar ne?"

Haka ya sa ta ya tafi taron ɗan takarar. Ana cikin jawabi ruwa ya goce, fuskar ɗan takara ta narke tana tsiyaya a ƙirjin Malam Sallau. Tir! Rinin ma bai iya haƙuri a kaɗa ƙuri'a ba.