Turaren da Ba a Sa wa Inna Ba

Na yi shekaru ina haɗa turare a Kankia. Asalin turaren mai ne, ga kauri ga tsada, sai in tsinka shi da sifirit da ake kawo mini daga Kano a jarka. Tun a kamfani ake zuba masa ɗaci don kada wani ya sha. Amma wata rana mijin maƙwabciyata, wanda bai taɓa saya wa matarsa ko kwalba ɗaya ba, ya karanta rubutun jikin jarkar, ya ce giya ce. Nan da nan magana ta zaga unguwa cewa wadda ta shafa turarena ba ta da sallah. Na tambayi malami, ya ce akwai saɓani, wasu sun halatta. Ba wadda ta tsaya jin wannan. Ciniki ya mutu, na yi fushina, na haƙura.

Mahaifiyata ce kaɗai ba ta daina shafa turaren ba. Duk zuwana ƙauyenmu Kaikai sai Inna ta miƙo hannu tun kafin in zauna. Ta sha ce mini, in ta rasu, shi za a yayyafa wa likkafaninta. Nakan ce ta bar wannan zance.

Da damina ta rasu. Na iso da safe, kwalbar turaren na ƙulle a bakin zanena. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke jagorantar wankan. Da aka shimfiɗa likkafani na kwance kwalbar na miƙa.

"Mi ne ne wanga?" in ji Gwaggo.

"Turarenta ne, Gwaggo. Ita ta ce a sa mata."

"Ɗiyata, mun ji abin da ke ciki. Ba ni tura matar wana kabari da shakka. In babu laihi, ba ta rasa komi ba. In akwai hwa?"

Na janye kwalbar. Ba mugunta take yi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Aka aro wani ɗan turaren mai a maƙwabta, wanda ya daɗe har ƙamshinsa ya juya, aka ɗiga mata.

Ina tsaye riƙe da kwalbata maza suka shigo suka ɗauki gawar Inna. Da suka wuce ta gabana na ja numfashi sosai, ban ji ƙamshin uwata ba.