Gonar da jami'a ta ce ba mai ita

Na daɗe ina tafinta. Na yi aikin a Yamai, na yi a Kumasi, na yi a Dakar, na kuma zauna Sudan har Larabci ya kama bakina. Da na tsufa na dawo Matameye, duk baƙon da ya zo da takarda a hannu wurina ake turo shi.

Haka aka turo mini wani farfesa daga wata jami'a, shi da mutanensa. Ya ce bincike suke yi kan gonaki, gwamnati na jiran sakamakon don ta tsara yadda za a farfaɗo da ƙasar noma da ta mutu, kuma wasu manyan hukumomin duniya ma za su karanta. Na yi murna. A Kumasi na ga malaman jami'a sun zauna da masu gonakin koko tun daga fure har tsinka, abin da suka rubuta kuma ya amfani manoma. Amma waɗannan sun zo mana tsakiyar rani. Na faɗa wa farfesan cewa lokacin bai dace ba, domin mazan garin nan suna Kano da Kaduna da Legas wajen cin rani, sai hadari ya fara haɗuwa suke dawowa. Ya ce masu ba da kuɗin binciken ne suka tsayar da watan, ba yadda zai yi.

Muka shiga ƙauyuka ta hanyar Tsauni, har muka iso gidan ɗan ƙanena, wanda tun rasuwar ubansa nake riƙe da shi kamar ɗan cikina. Yana da gona guda, gadon kakanmu, ita ke ci da gidansa. Shi yana Kano a lokacin, yana dako a kasuwa. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo fura.

Tambayar farko a takardarsu ita ce sunan maigida. Na juya mata da Hausa. Ta sunkuyar da kai. Kowa a ƙasar nan ya san mace ba ta faɗin sunan mijinta, balle a gaban wan ubansa. Da aka matsa mata sai ta ce, "Baba, ai kun san shi. Ya yi tafiya." Na faɗa musu sunan da bakina. Farfesan ya ce ƙa'idarsu ita ce amsa ta fito daga bakin wanda ake tambaya, ba daga tafinta ba. Aka tambaye ta wa ke aiki a gonar yanzu, ta ce ba kowa. Gaskiya ta faɗa. Wa ke noma a rani? Suka je suka ɗauki hoton gonar, fili fetal sai gindin kara da itatuwan gawo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne farfesan ba Bature ba ne. Ɗan ƙasar nan ne, ya ji Hausa daidai gwargwado, kuma na tabbata uwarsa ba ta taɓa kiran sunan ubansa ba. Amma takardar daga waje aka tsaro ta, kuma babu gurbin kunya a cikinta, babu na cin rani. Akwai na wanda yake nan, akwai na wanda ya gudu ya bar gona.

Bayan damina biyu sai ga mutanen porje, wato aikin raya ƙasa, da turakun ƙarfe a bayan mota. Suna da jerin gonakin da aka ce masu su sun watsar, za a kewaye su da waya a dasa itatuwa, a hana shuka na wasu shekaru. Gonar ɗana na ciki. A damina biyun nan gero ya cika masa rumbu.

Na hau mota na je har jami'ar. Farfesan ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi. Ya nuna mini littafin da suka fitar, da Faransanci da Turanci, ya nuna inda ma'aikatar gwamnati ta ɗauko maganarsu, da inda wata hukumar duniya ta ɗauko daga ma'aikatar. Yana nuna mini yana jin daɗi. Na karanta shafin da ya shafe mu da harsunan biyu, ƙaryar iri ɗaya ce: wai mai gonar ya gudu ya bar ta. Na ce masa ya janye.

"Alhaji, abin ya bar hannunmu," in ji shi. "Mu bincike muka yi, ba mu muka kafa turaku ba."

Na ce, "Malam, da alƙalaminka aka kafa su."

Iyakar abin da na samu wurinsa wasiƙa ce mai layi kaɗan, wadda ta ce mai yiwuwa a sake duba wasu gonakin. Na kai wa masu porje. Suka ce za su aiko mai dubawa, kuma dole ya tarar da mai gona a gida. Yaushe zai zo? Cikin rani, ba su san ranar ba.

Ɗana bai tafi Kano ba a shekarar. Ya zauna yana jira wata bayan wata, rumbu na raguwa, har ya sayar da akuyoyin matarsa. Mai dubawar ya zo daf da saukar ruwa, ya tsaya bakin gona bai ko kashe babur ba, ya tambayi sunansa, ya ja layi a takarda. Aka cire turakun.

Gonar ta dawo. Da ya koma Kano rani na gaba, ya tarar uban ɗakinsa a kasuwa ya ba wani wurinsa. Littafin kuwa ba a canza ko kalma ɗaya a cikinsa ba, kuma na ji an yi wa farfesan ƙarin girma.