Landirofar da Muka Tayar a Bayan Gida

Shekarar da kuɗin mai suka fashe a ƙasar nan, kowane magidanci a layinmu na Tudun Wada sai da ya shigo da sabon abu. Wani babur, wani firji, Alhajin da ke kallon gidanmu kuwa fijo fil a leda. Ni nawa maigidan me ya kawo mini? Gawar landirofa, an ɗauro ta da igiya a bayan tifa.

Na dawo daga makarantar firamaren da nake koyarwa, na tarar an turo ta ta ƙofar langa-langa ta baya, an ɗora ta a kan duwatsu daidai inda nake shanya. Taya biyu babu, tamfol ɗin ya yage, tsatsa har cikin kujeru.

Na ce, "Malam, wannan kuma mece ce?"

Ya ce, "Tawa ce, Malama. Shekara ashirin muna tare."

Gaskiyarsa. Direba ne a ma'aikatar dabbobi, da ita ya yi ta kai masu allurar shanu rugage, inda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Da sababbin motoci suka zo aka yi gwanjon tsofaffi, ya sayi wannan, shi kuma aka mayar da shi sito. Ranar ko tuwo ban tuƙa da daɗin rai ba.

Kullum bayan la'asar sai ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashin motar. Ya sauke injin, ya wanke komai da kananzir a tsohuwar tasata, wadda bai tambaye ni ba. Ranar Asabar ya tafi Sabon Gari wurin wani Ibo mai shagon kayan gyara, su yi ta musu kamar za su daku, ya dawo da ƙarfe ɗaya a aljihu yana murna. Akuyata ta haihu a ƙarƙashin motar, ya ce alheri ne. Na ce alherin da ya hana ni wurin shanya.

Sai kiran ya fara yawa. "Malama, zo ki nemo mini noti." In fito, ga noti nan gaban ƙafarsa, yana ta laluben ƙasa. Na ɗauka son jiki ne irin na maza, har nakan ce, "Kai dai a yi maka!" Wata rana ya miƙo mini wayoyi biyu, rana tsaka, ya ce, "Wacce ce ja?"

Na kalli wayoyin, na kalli idonsa. Na zauna a kan taya na ce, "Malam, tun yaushe?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ashe tun kafin gwanjon likita ya gaya masa jijiyar idon ce ke mutuwa, ba yana ba ce balle a cire. Abin da ya sa aka raba shi da tuƙi ke nan. Ni kuwa ina ta yi masa gori a kan wurin shanya. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ya ce, "Abu ɗaya nake so. Inna ba ta taɓa ganina a kan sitiyari ba, kullum a motar haya nake zuwa in ƙarasa da ƙafa. Ina so in shiga garinmu da motata, da hannuna, tun ina gani."

Inna mahaifiyarsa ce, tana ƙauyensu bayan wata fadama da ƙaramar mota ba ta isa ta ƙetare ba.

Washegari na ɗaura tsohon zane na shiga aikin. Shi kunne da hannu, ni ido. Ya shafa ƙarfe ya faɗi sunansa, ni in duba in ce ya tsage ko bai tsage ba. Baƙin mai ya shige mini farce, lalle ma ya kasa rufe shi, 'yan ajina suna ta ƙus-ƙus. Hajiyar gidan Alhaji ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, an koma kanikanci ne?" Na ce, "Eh, Hajiya, in taku ta lalace a kawo." Muna faɗa, muna shiryawa. Na taɓa ɗaure wani noti a karkace, ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana sai ta bakin akuya.

Amma idon ya fi mu sauri. Damina ta wuce muna jiran wani ƙarfen giya daga Kano.

Ranar da motar ta tashi, da hantsi ne. Ta yi tari, ta yi tari, sai ta ɗauka da wata irin ƙara, kaji suka watse. Na yi guɗa ban san na yi ba. Ya hau, ya riƙe sitiyari, na ruga na wangale ƙofar langa-langa. Na tsaya ina jira, bai motsa ba. Can ya ce, "Malama, kin buɗe ƙofar?"

Na juya baya don kada ya ji kukana, amma kunnen mutumin nan ba a ɓoye masa komai. Ya matsa ɗaya kujerar ya ce, "To, ya isa. Zo ki zauna. Taka kuloci, na hagun nan, har ƙasa."

Wata biyu yana koya mini a wani fili wajen Hanwa, da kunne kawai. "Kin shaƙe ta! Sake mata, ba kishirwa take ji ba!" Mutane su tsaya kallon mace a kan landirofa, ni ko a jikina.

Bayan girbi muka kama hanya. Na ƙetare fadamar ina salati, shi yana dariya yana cewa in bar ta, ta san hanya. Da na hango rumbunan garin sai na taka birki, na sauko, na zagayo.

Na ce, "Matsa. Daga nan miƙaƙƙiya ce."

Ya ce, "Malama, zan kashe mutane."

Na ce, "Ba ga ni ba? Abin da na ce shi za ka yi, yau dai ɗaya."

Ya kama sitiyari, da ya sa giya ko ƙara ba ta yi ba, ba irin tawa ba. "Miƙe. Ɗan dama. Ya isa. Miƙe." Muka kwashe gefen dangar wani, yara suka biyo mu da ihu. A ƙofar gidansu na ce ya tsaya, ya tsaya cak.

Inna ta fito da sandarta, tana tambayar wane babban mutum ne ya zo. Shi kuwa ya zauna ƙyam, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon gaba. Ya rage murya ya ce, "Tana ina?"

Na ce, "Ga ta nan jikin tagarka, ta dama. Kai take kallo."

Ya gyara hularsa, ya juya wajen, ya ce, "Inna, na zo."