Warƙoƙin Maƙwabcina a Kwandon Masallaci

Gemuna ya yi fari, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma akwai yini guda na bayan wata ambaliya da na san da shi za a kai ni kabari.

A unguwarmu a Haɗejiya muna da wani maƙwabci dattijo, Bahaushe ne Kirista, ya yi aikin ba da magani a asibiti har ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Mahaifinsa ya yi karatun allo kafin ya shiga addinin Kirista, saboda haka da ajami yake rubutu. Da ya rasu ya bar masa gafaka cike da warƙoƙi, takardu sake-sake marasa ɗinki irin na malamanmu na da. Baba boko kaɗai ya iya, ni kuwa da ajami na buɗe ido. Wata rana ya zo zaurena da gafakar a hammata ya ce, "Malam, shekara da shekaru ina kallon hannun ubana ban san me yake ce mini ba. Ka ara mini idonka."

Na karɓa. Muka riƙa zama bayan la'asar ina karanta masa. Tsohon ya rubuta tarihin Kiristocin farko, yadda sarakunan Rum suka gallaza musu, yadda dattawansu suka riƙa taruwa suna jayayya a kan matsayin Almasihu, da yadda addinin ya kafu a Habasha. Wani wurin na ƙaru, don ban taɓa sanin su ma sun sha wuya a kan imaninsu ba. Wani wurin kuwa harshena ya yi nauyi. Da muka iso warƙar da ke bayanin Allah ɗaya cikin uku, na ajiye ta na ce, "Baba, nan kam ban yarda ba." Ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce ka yarda? Karanta na ce."

Daminar shekarar kogi ya ɓalle, ruwa ya shiga gidan Baba har gwiwa. 'Yarsa ta zo daga Kafin Hausa za ta tafi da shi. Kafin ya hau mota ya miƙo mini gafakar, ta jiƙe sharkaf, ya ce, "Amana ce, Malam. Muryar ubana ke nan da ta rage."

Ranar da rana ta fito na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na baza warƙoƙin, na danne su da tsakuwa. Sai aka yi kira cewa ruwa na cin jingar da ta tare gonakinmu na shinkafa, kowa ya fito da buhu. Na tafi da nufin dawowa nan da nan, ban dawo ba sai bayan azahar. Na tarar iska ta yi aikinta, kusan rabin tabarmar babu komai. Maiɗakina ta ce daga zaure ta ji ladaninmu yana tsince su yana faɗa, wai an bar sunan Allah yana yawo a ƙasa.

Mu nan, duk takardar da muka gani da harufan Larabci ba ma tsayawa karantawa, ɗagawa muke yi mu kai masallaci. Akwai kwandon da ake tara irinsu, kuma liman ya riga ya sanar cewa a ranar, bayan la'asar, za a ƙone takardun karatu da ambaliya ta lalata a binne tokar.

Ban taɓa jin tsawon lokaci kamar tsakanin azahar da la'asar ɗin nan ba. Zuciya ta ce in yi shiru, in Baba ya dawo in ce iska ce, kuma ba ƙarya na yi ba. In na buɗe baki kuwa, a gaban jama'a zan faɗi cewa ni, da nake biya wa magidanta karatu, na yi watanni ina karanta littafin Kirista. Na san yadda magana take girma a gari, kuma ba kaina kaɗai nake ji wa ba, har da Baba. Na leƙa masallaci ko zan zare su a ɓoye, na tarar ladan ya riga ya fito da kwandon ya zauna a gefensa. Har yau ina jin kunyar wannan leƙen. A sallar la'asar kuwa, Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba.

Aka taru a bayan masallaci, an haƙa rami, ladan ya ciro ashana. Na ce wa liman, "Allah gafarta Malam, a dakata. Akwai takardun da ba namu ba a ciki." Na zaro ɗaya na miƙa masa. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Da ya faɗi abin da ke ciki, wani ɗan kasuwar shinkafa ya dube ni, ya ɗaga murya ya ce, "To ai wannan ta fi cancantar wutar! Malam, ashe abin da kake yi a zaure ke nan?"

Liman bai kalle shi ba, ni ya kalla. "Naka ne?" Na ce na Baba ne, rubutun mahaifinsa, amana ya ba ni. "Ka karanta?" Na ce duka. "Ya taɓa maka imani?" Na ce yadda na shiga haka na fito, sai dai yanzu na san abin da maƙwabcina ya yarda da shi daga bakinsu, ba daga jita-jita ba. Ya shafa gemu. Can ya ce, "Ladan ya yi daidai, sunan Allah ya gani a ƙasa ya ɗaga. Amma kayan amana, ko na wane ne, mayarwa ake yi. A tsince masa." Ladan ya riƙe baki ya ce, "Ni da na ɗora su a goshi ɗaya bayan ɗaya!" Dariya ta ɓarke, har liman.

Muka durƙusa muna tsinta. Na jera su da kalmar da marubutan zamanin da suke sawa a ƙasan kowace warƙa don nuna mai bi mata. Guda ɗaya ce ba a samu ba. Ɗan kasuwar nan kuwa ya yi watanni yana amsa gaisuwata da ƙyar, wasu magidanta biyu suka daina zuwa karatu wurina.

Da ruwa ya janye Baba ya dawo, na faɗa masa komai, har da leƙen da na yi. Ya rungume gafakar, idonsa ya kawo ruwa, ya tambayi wadda ta ɓace. Na ce wadda muka yi gardama a kanta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ka tabbata iska ce?" Muka yi dariya har da tari.

Abin da na koya shi ne, karanta abin da wani ya yarda da shi bai rage mini komai a addinina ba. Shirun da na kusa yi don tsoron bakin mutane, shi ne ya so ya rage.