Neman Muryar Baba Daga Waya Zuwa Waya

Mun tashi da asuba daga Dutse, ni da wani abokina, a motar haya da aka cusa mu kamar buhunan gero. Abin da ya fitar da ni bidiyo ne guda ɗaya, karatun ƙarshe da Baba ya yi wa ɗalibansa kafin Allah ya karɓi ransa. Ni na ɗauka da wayata, na tura wa mutum uku, su ma suka yi ta turawa waya zuwa waya ba tare da data ba, har ya zaga garuruwa. Da wayata ta cika sai na goge nawa, na ce ai yana hannun jama'a. Yanzu Inna tana kwance, idonta ya tafi, ba abin da take roƙo sai ta ji muryar mijinta.

Bayan Jahun ramukan hanya suka kaɗa mana hanji. A Gujungu muka karya da ƙosai, shi ma ya ƙanƙance kamar an yi masa gori. A Taura na sami ɗalibin Baba na farko a bakin gonarsa. Ya sosa ƙeya ya ce hotunan bikin suna ne suka cika masa waya ya goge, amma ai bidiyon yana wajen mai shagon caji a Ringim.

Ringim cike take da tumatir da hayaniyar tasha. Mai shagon, wanda ke loda wa mutane karatu da finafinai a memori, ko kallona bai yi ba. Wai abin da aka daina tambaya sharewa yake yi. Wallahi sai da na ji kamar in kife teburin, to amma da wane baki? Ni na fara gogewa.

Haka muka yi ta bi, wannan ya tura mu wajen wancan. Kowa ya goge, kowa kuma ya rantse ɗan'uwansa na da shi. Kai, mutane!

Bayan la'asar muka isa Garki, wajen wani dattijo da suka yi karatu tare da Baba. Ƙaramar waya ce da shi, ba ta ɗaukar bidiyo. Ya ce, "Ɗana, guntu kawai aka yanko mini, shi nake ji in an kira ni." Sallamar Baba ce ta buɗe karatu, ko numfashi biyu ba ta kai ba. Daga karatun awa guda, abin da ya rage ke nan a duniya. Na sa aka tura mini shi a wayata.

Tafiyar ta koya mini cewa abin da aka bar wa kowa ba shi da mai tsaro, kuma har yau haushin kaina nake ji. Da muka dawo gida na durƙusa gaban Inna, na kasa yi mata bayani, na danna kawai. Baba ya yi sallama. Ta gyara mayafinta, ta amsa masa, ta kasa kunne tana jiran ya ci gaba.